Gafarar da Na Ƙi Nema

Ni tun ina yarinya an san ni da baki. Uwata takan ce da ana sayar da baki a kasuwar Gangara, da tuni ta kai nawa ta dawo da akuya. Wannan bakin shi ya kai ni kwalej, don malamin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ya ce yarinyar da ba ta tsoron tambaya bai kamata ta tsaya a sartifika, takardar gama firamare, ba. Shi ne kuma ya dawo da ni gida bayan shekara biyu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, amma ba da kaina nake fushi ba.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Mu biyu muka ci jarrabawa daga wajenmu, ni da wata Bafillatana wadda muka tashi tare. Aka tura mu makarantar kwana ta 'yan mata, ta 'yan Katolika, can kudu, wuni guda a kamyo, babbar motar kaya, in hanya ta yi kyau. Matan da ke riƙe da ita Turawa ne masu farin lulluɓi, waɗanda suka bar aure don bautar Allah, muna ce musu masera. Limaminsu kuma monfer ake ce masa. Abin da nake so a duniya a lokacin guda ɗaya ne, in gama shekara huɗu in zama malamar lakwal, in dawo ƙasarmu Damargu da alli a hannu.

Mu a gida Hausa muke yi, amma kakanninmu Barebari ne, ga zanen nan a fuskar Baba kowa yana gani. Tsakanin Babarbare da Bafillace kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawa, kowa yana cewa shi ne ubangida, kuma ba mai fushi. Uban ƙawata da rani a gonarmu yake sauka da shanunsa su zuba mana taki, rijiya ɗaya suke sha da Baba. Wata shekara shanun suka shiga geronmu kafin a yanke, suka yi mana ɓarna mai yawa. Baba ya tafi rugar da sassafe yana faɗa tun daga nesa, wai ɓarawo ɗan ɓarawo, wanda bai san daɗin gishiri ba. Mutumin ya fito yana murmushi, ya ce ai shanun sun je duba gonar bawansu ne, sun tarar bai yi noma da kyau ba. Suka zagi juna har rana ta ɗaga. Da yamma sai ga ƙwarya cike da man shanu, da rani kuma ya ƙara mana wata guda na taki. Ba a je gaban mai gari ba, balle kwamanda mai mulkin yanki.

Wasan yana da doka, kuma da ranƙwashi na koye ta. Ina ƙarama na taɓa ce wa uwar ƙawata siririya kamar sandar mijinta, sai na ga ta ɗaure fuska, na tsorata na ce ta yi haƙuri. Ashe tsokanata take yi. Kakata da ke zaune ta jawo ni ta ranƙwashe ni. Ta ce bare ake ba haƙuri. Duk ranar da ka nemi gafarar abokin wasa, ka gaya masa ke nan zagin na gaske ne, kai da shi ba ku haɗa komai ba. Daga ranar sai gaisuwa ta mutunci, irin wadda ake yi wa baƙon kasuwa, kuma in shanu suka sake shiga gona to sai jandarma.

Gaskiya masera sun riƙe mu da kyau, ba zan ci amanarsu ba. Ba su taɓa tilasta wa Musulma shiga coci ba, da azumi ma sukan sa a ajiye mana abinci. Suna da wata al'ada ta ƙarshen shekara da muke kira ranar yafiya, kuma ni kaina ina sonta. Kwana ɗaya kafin a tafi babban hutu, sai a zaunar da mu a da'ira a tsakar makaranta. Monfer ya yi nasiha, ya ce kada yarinya ta hau mota da wata a zuciyarta, don ba wanda ya san wadda za ta dawo. Daga nan duk wadda ta san ta ɓata wa wata sai ta tashi, ta je ta durƙusa ta riƙe hannunta biyu ta ce ta gafarce ta, ita kuma ta ce ta yafe. Sai an gama wannan ake raba kyaututtuka da takardun wucewa aji na gaba. Mu ma a gida haka ake yi in mutum zai yi doguwar tafiya, don haka bai zame mana baƙon abu ba. A shekarar farko mutum biyar na durƙusa wa, har da wata 'yar Dahome da na fasa wa leɓe a wajen ɗiban ruwa. Ban ji kunya ba, don na san na yi laifi.

Babbar masera ta farko tsohuwa ce, ta daɗe a ƙasar, in ta ji ni da ƙawata muna yi sai ta girgiza kai ta wuce. A shekara ta biyu ciwo ya kama ta aka mai da ita gida. Aka kawo wata mai ƙuruciya, doguwa, mai ƙoƙari. Kullum da ɗan littafi a aljihu tana rubuta Hausa, kalma ɗaya ɗaya. Da baƙon dauro ya kwantar da ni, ita da kanta ta riƙa ba ni kunu da cokali. A shekarar kuma labari yana ta zuwa daga ƙetaren iyaka cewa mutane suna kashe juna a kan ƙabila, muna ganin waɗanda suka gudo suna wucewa da kaya a ka. Abin ya shiga ranta ƙwarai. Ta ce a makarantarta ba Bahaushiya, ba Buzuwa, ba Bafillatana, duka 'ya'yan Allah ne, kuma ba za ta yarda a ambaci ƙabilar kowa ba.

To ni da ƙawata ba mu san wata hanyar magana ba. In mun tashi da safe sai in tambaye ta ko ta kwana lafiya ba warin kashin shanu. Ita kuma ta ce in je in wanke fuska, ko da yake wanki ba ya fitar da baƙin Barebari. Bambancinmu shi ne ni da ƙarfi nake yi, duk ɗaki ya ji. Ita kuwa a hankali take yi, kai a sunkuye, da ɗan murmushi, kuma nata ya fi nawa shiga ƙashi. Wanda ke nesa ni kaɗai yake ji.

Rannan a wajen cin abinci na sa hannu na ɗauke tsokar nama daga kwanonta, na ce baiwa ba ta cin nama a gaban uwargijiyarta. Ashe masera tana bayana, kuma Hausarta ta kai ta gane baiwa. Ta sa na tsaya a rana har aka gama ci. Na yi mata bayani iyakar Faransancina, ta ce ba wasa a cikin kiran mutum bawa, a ƙasar da jiya jiya ake sayar da mutane a kasuwa. Bayan wata guda ta sake kama ni. A karo na uku, ana saura kwana uku hutu, ta kira mu biro, wato ofishinta, mu biyu.

Ta dubi ƙawata da tausayi, ta tambaye ta ko maganganuna suna yi mata ciwo, ta ce kada ta ji tsoro ta faɗi gaskiya. Kai, Fulani da kunya! Yarinyar nan da za ta iya zagin mutum bakwai a numfashi ɗaya, a gaban babba sai ta zama kurma. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Na taka mata ƙafa, ko motsi. Masera ta ga na taka ta, ta ɗauka barazana nake yi. Ta sallame ta, ta juyo kaina ta ce ranar yafiya zan durƙusa a gaban kowa in nemi gafararta. In na ƙi, to in ɗauki akwatina gaba ɗaya, ba ni da wuri a shekara mai zuwa.

Da muka fita na rufe ƙawata da faɗa, na ce bakin nata kura ta cinye ne? Ta ce ta so ta yi magana harshenta ya ƙi. Sai ta ce in faɗa kawai mana, ai mu mun san abin da ke tsakaninmu. Na ce 'yan Damargu nawa ne a makarantar nan, waɗanda za su riga mu isa gida da labari? Kafin mu sauka daga mota an ji a rijiya cewa 'yar wane ta durƙusa wa 'yar wane. Kuma ko ba wanda ya ji, ni na ji.

Mai dafa mana abinci, wata dattijuwa Badamagariya, ta je ta samu masera ta yi mata bayani. Ta dawo tana tafa hannu, ta ce baƙo ko da ido makaho ne. Wai masera ta saurare ta da ladabi, sannan ta ce kowace mugunta a duniya al'ada ake kiranta kafin a daina.

Ana gobe ranar, monfer ya zo shirya nasiharsa, ya aika a kira ni. Shi ya daɗe a ƙasar, ya yi yawo a kan raƙumi har Tanut, ya san wasan sarai. Da na shiga ma dariya ya fara yi. Ya ce ya yi wa masera magana, amma makaranta tata ce, kuma ta riga ta faɗa a gaban sauran malamai, ba za ta janye ba. Ya ce tawali'u ba ya rage mutum. Ya ce kalma uku ce kawai, in faɗe ta da baki, Allah ya san abin da ke zuciyata, in ci gaba da karatuna.

Na ce, "Monfer, shekara biyu kuna koya mana kada mu yi ƙarya. Yanzu in durƙusa a gaban Allah da mutane in ce na cuce ta, alhali ban cuce ta ba?"

Ya ce wani lokaci mutum yakan ɗauki laifin da ba nasa ba don a zauna lafiya. Na ce in laifin wani ne zan ɗauka, amma wannan ba laifi ba ne, zumunci ne ake so in yanke da hannuna. Ya ce in je in yi tunani, zai yi mini addu'a. Na yi godiya na fita. Kada wani ya ɗauka ban ji tsoro ba. Ni ce ta ɗaya a lissafi a ajinmu, na riga na ga littafin da za a ba ni kyauta a kan teburin masera, da jan zare a ɗaure. Duk yinin nan ban iya cin abinci ba.

Washegari da hantsi aka zaunar da mu a da'ira. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa da sanyi, kowa hankalinsa yana gida ana aikin gona. Monfer ya yi nasiharsa, ya gajarta ta, bai dubi inda nake ba. 'Yan mata suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Ni ma na tashi sau biyu, na nemi gafarar wata da na ɓatar wa allura na yi musu, da wata da na yi wa dariya ranar da ta faɗi jarrabawa. Na dawo na zauna. Da aka gama, masera ta kira sunana, ta ce saura ɗaya.

Na ce na gama, Masera.

Ta sake kira. Na naɗe hannuwana na zauna daram. Wuri ya yi tsit, har ana jin tattabaru a kan rufin coci. Ta ce wannan shi ne na ƙarshe. Na lura ita ma ba ta so abin ya kai haka ba, so take in taimake ta. To ni wa zai taimake ni?

Sai na ga ƙawata ta miƙe. Ita da ba ta iya ɗaga ido a gaban babba, ta ratso tsakiyar da'irar nan ita kaɗai, kowa yana kallonta. Ta zo ta durƙusa a gabana ta kama hannuna biyu. Hannunta sanyi ƙalau, hawaye yana zuba.

Ta ce, "Ki gafarce ni."

Masera ta yi ajiyar zuciya, fuskarta ta saki. Ta ce wannan ma ya isa, in ce na yafe kawai, magana ta ƙare. Ga ƙofa an buɗe mini, kalma biyu. Na san don ni ƙawata ta yi, na san abin da tashin nan ya ci mata. Amma wallahi ji na yi kamar ta mare ni. In na ce na yafe, na yarda ke nan duk abin da muka faɗa wa juna tun muna tsirara a bakin rijiya cuta ce. Gobe in ce mata ina kwana, ta ce lafiya lau, mu wuce. Na dubi ƙeyarta a sunkuye, raina ya ɓaci da ita, da masera, da monfer da ke kallon takalminsa.

Na fizge hannuna na ce, da ƙarfi yadda na saba, "Tashi, ke baiwa. Wa ya ba ki izinin taɓa hannun uwargijiyarki?"

'Yan Damargu da 'yan Manga suka fashe da dariya, wasu suna toshe baki da gyale. Mai dafa abinci daga bakin madafa ta rangaɗa guɗa. Ƙawata ta ɗago, tana kuka tana dariya, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, jakar Barebari, kin kashe kanki. Masera ta yi jajir. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce a ci gaba da raba kyaututtuka.

Littafin lissafi aka ba wadda ta zo ta biyu. Takardata aka ba ni a ƙarshe, an rubuta na ci jarrabawa, a ƙasa kuma da jan biro an rubuta ba a karɓe ni a shekara mai zuwa ba. Da za mu hau mota masera ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ce tana yi mini addu'a Allah ya tausasa zuciyata. Na ce na gode da kunun da ta ba ni, Allah ya saka. Da gaske nake, kuma ban ƙara ko kalma ba.

A gida Inna ce ta fara jin labari. Ta sa hannu a ka, ta ce shekara takwas ana wanke mini riga ana yi mini guzuri, na zubar a kan wasa. Ta ce masu wasan sun ci sun ƙoshi, ni kuwa sai in ci bakina. Kwana uku ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba. Baba yana gona, can na same shi yana noman fari. Ya jingina da hauyarsa ya saurare ni har na gama. Ya tambaye ni sau biyu ko da gaske ita ce ta durƙusa. Sannan ya ce da na amsa mata, bai san da wane ido zai kalli ubanta a rijiya ba. Bai ce na kyauta ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya nuna mini inda ciyawa ta fi yawa.

Malamin lakwal ɗinmu ya rubuta takarda zuwa wasu makarantu, ba a ba shi amsa ba. Yarinyar da masera suka kora, wa zai tsaya tambayar dalili? Damina ta wuce ina noma, gero ya yi kai, hutu ya ƙare.

Ranar komawa makaranta na je rugar su ƙawata da safe. Na kai mata littattafaina na aji biyu da rigunan makaranta guda biyu, na ce ta rage tsawon, tunda Allah bai ba ta jiki ba. Uwarta ta ba ni nono na sha. Na ɗauki akwatinta a kaina muka kama hanya zuwa bakin titin Agadas, tafiyar fiye da sa'a guda. Tana gaba ina baya. Ta ce in riƙe da kyau, in na kayar za ta sayar da ni ga Buzaye. Na ce ko Buzaye sun san wadda ta fi tsada a cikinmu. Haka muka yi ta yi har titi, ba wadda ta ambaci makaranta.

Da kamyo ya zo na miƙa akwatin sama, ta hau ta zauna a kan buhuna cikin sauran 'yan makaranta, wurin da nake zama a gefenta wata ta zauna. Ba ta waiwayo ba, na san kuka take yi. Ta gama shekara huɗunta ta wuce, ta zama ungozoma, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku tana zagina ina zaginta. Ni ban zama malamar lakwal ba. Ko yau aka mai da ni cikin da'irar nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, duk wanda ya ga wauta ce ya je ya gani.

Amma a ranar, da motar ta ɓace, ban kama hanyar gida ba. Na koma bayan wata aduwa inda ba mai ganina, na yi kuka har muryata ta dushe, don ina son karatun nan kamar raina. Da na gaji na share fuska da bakin zane, na wuce gona kai tsaye. Baba yana yankan gero, ya miƙo mini magirbi bai tambaye ni komai ba.